Daga 'Yan Alaron Zugu zuwa Ma'aikatan Jirgin Ruwa

Garin Djougou, wanda Hausawa ke kira Zugu, babban zango ne a zamanin dā a kan hanyar fatake daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja. Ayari yakan wuce da kanwa da tufafi da fatu, ya komo da goro. Ana tunawa da madugai da attajirai, amma an manta da waɗanda kaya ke bisa kansu. Waɗansu 'yan alaro ne da ake biya, waɗansu kuwa bayi ne. Sukan yi watanni ba su ga gida ba, wanda ciwo ya kayar a hanya kuma ba shi da wurin kai kuka.

Zuwan Turawan Faransa bai sauke wa talaka kaya ba. An riƙa ɗiban mutane aikin tilas, su yi dako, su gina hanyoyi. A zamanin nan ne hanyar jirgin ƙasa daga Kwatano ta iso Parakou a 1936. Sai a 1946 dokar Houphouët-Boigny ta hana aikin tilas.

Yau da yawa daga cikin kayan ƙetare da ke kasuwar Djougou ta tashar jiragen ruwan Kwatano suke shigowa. 'Yan alaron wannan zamani su ne ma'aikatan jiragen, mutanen Filifin kuwa suna cikin mafi yawansu. Su ma sukan yi watanni nesa da iyali. Akan hana waɗansu albashi, ko mai jirgi ya yashe su a baƙuwar tasha. A 2020, lokacin annobar korona, dubban ɗaruruwa sun maƙale a teku bayan wa'adinsu ya cika.

Sai dai su suna da dokar da 'yan alaro ba su samu ba. A 2006 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara yarjejeniyar aikin teku. Benin ta amince da ita a 2011, Filifin a 2012, ta fara aiki a 2013. Ta wajabta biyan albashi kowane wata, da hutun aƙalla awa 10 cikin 24, da mayar da ma'aikaci gida a kuɗin mai jirgi.

Wasiƙar Yaƙub sura 5 ta gargaɗi masu danne hakkin ma'aikata. Gargaɗin bai tsaya kan masu jiragen ruwa ba, ya shafi duk wanda ya sa ɗan dako aiki a kasuwar Zugu. A biya shi hakkinsa cikakke, a kan lokaci.