Goɗiyoyi Huɗu na Tafkin La Croix

Idan muka bi tarihin ƙananan dawakin Ojibwe, al'ummar da ke zaune a iyakar Kanada da Amurka, za mu tarar an taɓa kai matakin da goɗiyoyi huɗu kacal suka rage. A da, su ke jan itace da kaya a kan ƙanƙara lokacin sanyi, in zafi ya zo a sake su daji. Da injuna suka karɓe aikin, sai aka yi watsi da su.

A 1977, hukumomin Kanada na shirin kashe huɗun nan a bakin tafkin La Croix da sunan kare lafiyar jama'a. Sai wasu mutane suka loda su a mota, suka ratsa daskararren tafkin zuwa jihar Minnesota. Babu ingarma ko ɗaya, dole aka haɗa su da dokin mustang.

Yau muna iya ganin jikokinsu a gonakin da ke kula da su, kamar Mādahòkì a Ottawa. Irin bai ƙare ba, amma jinkirin ya bar tabo: kowanne na ɗauke da jinin baƙo.