Asalin Kalma: Kat-kat

A Nijar, motar da ke ratsa yashi sunanta kat-kat. Daga Faransanci aka aro, yadda Faransawa ke karanta 4x4: ƙafa huɗu, kuma duka huɗun injin ke juyawa. A Najeriya jif ake cewa, daga Jeep ta sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, har sunan ya bi kowace doguwar motar alfarma, ko da ƙafa biyu kaɗai ke janta. Kat-kat ta fi faɗin gaskiya.

A cikin kat-kat, ƙaramin akwatin giya da ke bayan babban akwatin shi ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. A tsofaffin Land Cruiser na Agadas yakan daɗe ƙwarai, muddin mai bai tsiyaye ba. Direba, a riƙa duba man giya.