Daga gafaka zuwa memori

Tun kafin waya ta shigo Fammar da sauran garuruwan Rano da Kibiya, malamai sun san zafin rasa ajiya. Gara ta kan ci takardun da ke cikin gafaka, ruwan damina ya narkar da tawada. Mai littafi sai ya nemi mai kwafi, kuma abin da ake dubawa a wurinsa amana ce kafin kyawun hannu. Wanda ya cike gurbin da gara ta cinye da abin da ya ga dama ya fi garar ɓarna, shi ya sa ake muƙabala, a karanta sabon kwafi a gefen tsoho. Tarihin Kano da wani Bature mai suna Palmer ya fassara a 1908 ta hannun masu kwafi ya iso gare shi, kuma irin wannan tsoron asara na cikin dalilan tara rubuce-rubuce a Arewa House da aka kafa a Kaduna a 1970.

Wani zai ce takarda daban, memori daban. Gaskiya ne, amma haɗarin ɗaya ne. Idan aka goge fayil, sau da yawa bayanansa suna nan har sai an rubuta wani abu a kansu. Mai gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano da ya yi gaggawar yi wa wayar da ta lalace filashin zai iya tayar da ita, ya binne hotuna da lissafin bashi gaba ɗaya. Ƙwararre kwafin na'urar yake fara ɗauka, ya yi aiki a kan kwafin, asalin yana gefe ba a taɓa shi ba.