Gwajin jinotaif da gwajin DNA: abin da ake yi da jininka a ɗakin gwaji

Yanzu da wuya a yi maganar aure a Agege, Sabon Ibadan, Shagamu ko Fatakwal ba a tambayi takardar jinotaif ba. Masu zuwa gida ɗaurin aure ma ba su tsira ba, domin tun 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, kuma jinotaif na ciki. Sai dai mutane da yawa sun ɗauka wannan gwajin shi ne gwajin DNA. Ba shi ba ne. Gwajin da aka saba yi sinadarin jini yake dubawa, gwajin DNA kuwa rubutun gadon da ya haifar da sinadarin yake karantawa. Rashin sanin wannan bambanci ya sa an fasa auren da bai kamata a fasa ba, ya kuma sa an zargi matan da ba su ji ba, ba su gani ba.

Mene ne DNA?

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, ƙanana ainun, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A tsakiyar kusan kowacce akwai wani dogon zare mai tufka biyu, shi ne DNA. Rubutu ne da haruffa huɗu kacal: A, T, G da C. Haruffan da mutum ke gada daga kowane ɗaya cikin iyayensa sun kai kimanin biliyan 3. An naɗe zaren cikin ƙunsoshi 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Shi ya sa kusan kowane umarni na jiki kwafi biyu muke da shi.

Wani masani ɗan Suwizalan, Friedrich Miescher, shi ya fara ware DNA a 1869. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa a Ingila, da taimakon hotunan da Rosalind Franklin ta ɗauka.

Harafi ɗaya ne asalin sikila

Abin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyin jini sunansa himogulobin. Umarnin ƙera wani sashe nasa yana kan kuromosom na 11. Jiki yana karanta umarnin ne haruffa uku-uku. A gurbi na 6, mai himogulobin A yana da GAG. Idan harafin tsakiya ya canza ya koma GTG, sai a samu himogulobin S. Idan na farko ne ya canza ya zama AAG, shi ne himogulobin C.

Himogulobin S idan ya saki iskar da ya ɗauko, yakan manne da juna ya zama kamar tsinkaye, ya lanƙwasa ƙwayar jinin ta koma siffar lauje. Irin waɗannan ƙwayoyi suna toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ciwon ƙashi da gaɓoɓi ke tasowa. Ba sa kuma daɗewa: lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, mai siffar lauje kwana 10 zuwa 20. Dalilin yawan ƙarancin jini ga mai amosanin jini kenan.

Wanda ya gaji S daga ɓangare ɗaya shi ne AS, ba mara lafiya ba ne, har ma yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a 1954. Wannan ne ya sa S ya yawaita a ƙasashen da sauro ya yi yawa. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ce ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu cutar kowace shekara a ƙasar nan.

Mazauna Kurmi su lura da C. Ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, kuma a Najeriya an fi samunsa a ƙasar Yarbawa. Tunda auratayya tsakaninmu da maƙwabtanmu ba baƙon abu ba ce, a sani cewa SC ma ciwon sikila ne. Sau da yawa ya fi SS sauƙi, amma yana taɓa idanu da ƙashin ƙugu, kuma yana iya tsananta lokacin goyon ciki.

Lissafin gadon shi ne: AS da AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. AS da AC, kashi ɗaya cikin huɗu SC. Kowane ciki lissafinsa daban. Ba wai idan na fari ya zo SS sauran ukun sun tsira ba ne.

Gwaje-gwajen da ke duba sinadarin jini

Na farko shi ne gwajin lanƙwasa. Ana ɗiga jini a kan gilashi, a haɗa da maganin da ke janye iska, a duba a madubi ko ƙwayoyin sun zama lauje. Yana da arha, amma iyakarsa ya ce akwai S ko babu. Ba ya raba AS da SS, kuma ba ya ganin C. Bai isa a yanke maganar aure da shi ba.

Na biyu shi ne ilaktiroforesis, wato tsere da wutar lantarki, kuma shi ne abin da yawancin ɗakunan gwaji ke nufi da jinotaif. Ana fasa jajayen ƙwayoyin, a ɗiga himogulobin a kan wata 'yar takarda mai danshi, a kunna wuta. A ya fi gudu, S na biye, C na can baya. Sai ma'aikaci ya gwada layukan da suka fito da na jinin da aka riga aka san irinsa. Da wannan dabara Linus Pauling da abokan aikinsa suka gano a 1949 cewa himogulobin ɗin masu sikila daban yake. Rauninsa biyu ne. Wasu nau'o'in suna tsayawa wuri ɗaya, D da G a gurbin S, E a gurbin C. Sannan da ido ake karantawa, don haka tsohon sinadari, wutar da ke ɗaukewa ko gaggawar ma'aikaci duk suna iya ɓata sakamako.

Na uku shi ne HPLC. Injin yana tura jinin ta cikin wani siririn bututu, kowane nau'i ya fito a lokacinsa, kwamfuta ta rubuta adadinsa. Amfaninsa shi ne yana ba da lamba. Mai AS na gaske, A ɗinsa ya fi S yawa, wajen kashi 60 da kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari.

Akwai kuma 'yan tsinkayen gwaji na nan take, irin su HemoTypeSC da Sickle SCAN, masu kama da na gwajin maleriya. Suna gane A, S da C cikin mintuna, ana kuma amfani da su wajen tantance jarirai.

Dukkan waɗannan, ƙarin jini yana ruɗa su. Mai SS da aka ƙara wa jinin mai AA zai iya fitowa AS. Ƙa'ida ita ce a jira wata uku bayan ƙarin jini. Jariri kuma yana zuwa da himogulobin F na zaman ciki, wanda sai ya kai kamar wata shida yake raguwa sosai, shi ya sa ake maimaita masa gwaji daga baya.

Yadda ake gwajin DNA mataki-mataki

Ciro DNA. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da DNA a cikinsu, a fararen ake samu. Ana ɗibar jini a kwalba mai murfi shunayya, wadda ke da maganin hana daskarewa. Sai a fasa ƙwayoyin da sinadari mai aiki irin na sabulu, a narkar da furotin ɗin da ke ciki, a wanke da sinadarin alkohol na ɗakin gwaji, DNA ya rage shi kaɗai. Ana iya samunsa kuma ta hanyar goga auduga a cikin kunci.

Ninka shi. Abin da ake nema 'yan haruffa ne cikin biliyoyi, don haka sai an kwafi wurin da yawa kafin a iya ganinsa. Wannan shi ne PCR, dabarar da Kary Mullis ya ƙirƙiro a Amurka a 1983, ta kai shi ga kyautar Nobel a 1993. Ana zuba DNA a ɗan mitsitsin bututu tare da gajerun zaruruwa biyu masu nuna farko da ƙarshen wurin da ake so, da sakakkun haruffa, da sinadarin da ke yin kwafin. Injin yana zafafa shi zuwa kusan digiri 95 tufkar ta warware, ya sauko tsakanin 50 da 65 zaruruwan su kama gurbinsu, ya hau 72 a rubuta sabon kwafi. Kowane zagaye yana ninka adadin sau biyu, zagaye 30 ya ba da kwafi kusan biliyan ɗaya cikin 'yan sa'o'i. Sinadarin kwafin, mai suna Taq, daga wata ƙwayar halitta aka samo shi da ke rayuwa a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone, shi ya sa zafi ba ya kashe shi. Wannan PCR ɗin dai shi ne aka yi ta ji lokacin korona, kuma rahoton farko da aka buga kan amfani da shi a 1985, a kan gano sikila ne.

Karanta shi. Hanya ɗaya ita ce almakashin sinadari. Akwai wani mai suna DdeI da ke yanke DNA daidai wurin da harafin sikila yake, idan wurin lafiya lau ne. Idan ya koma GTG ba ya yanka. Sai a zuba gutsattsarin a kan wani daskararren abu mai kama da kamu, a kunna wuta, gajeru su yi nisa, dogaye su tsaya kusa. Mai AA duk nasa a yanke suke, mai SS babu yanka, mai AS yana da duka biyun. Wannan almakashin ba ya gane C, sai an nemi C da zaruruwan da aka ƙera dominsa. Hanyar da ta fi duka zurfi ita ce karanta haruffan ɗaya bayan ɗaya, dabarar Frederick Sanger ta 1977.

Rauni ɗaya da PCR ke da shi shi ne ƙarfinsa. Tunda yana ninka ɗan ƙanƙanin abu, ɗigon DNA na wani mutum da ya faɗa cikin bututun shi ma ninkuwa zai yi. Saboda haka ɗakin gwaji na ƙwarai yana raba ɗakin shiri da ɗakin karatu, kuma kullum yana haɗa bututun ruwa zalla don ya tabbatar babu gurɓata.

Uba AA, uwa AS, amma yaro ya zo da sikila

Wannan shi ne lamarin da ya fi tada ƙura a gidaje. Kafin a buɗe baki a zargi kowa, akwai bayani guda biyu na likitanci. Na farko, ƙila tun asali sakamakon uban kuskure ne. Na biyu shi ne beta talasimiya, wani canjin gado a kan wannan umarnin na kuromosom na 11, wanda ke sa kwafi ɗaya ya rage aiki ko ya daina gaba ɗaya. Mai ɗauke da shi a ilaktiroforesis AA yake fitowa, domin babu S babu C a jininsa. Amma idan ɗansa ya gaji wannan kwafin daga gare shi, ya gaji S daga uwa, zai yi ciwon sikila. HPLC yana nuna alamar, wato himogulobin A2 ya haura kashi 3.5 cikin ɗari, gwajin DNA kuma ya tabbatar.

Jinotaif dai ba gwajin tabbatar da uba ba ne. Wancan gwaji ne daban, wanda ya samo asali daga binciken Alec Jeffreys a Ingila a 1984, kuma wurare da dama yake gwadawa a cikin DNA, ba harafi ɗaya ba. Hukuncin nasaba a shari'a kuwa fage ne na malamai da alƙalai, ba na takardar lab ba.

Yaushe ake buƙatar gwajin DNA?

Yawancin masu neman aure ba sa buƙatarsa, HPLC ko ilaktiroforesis mai kyau ya wadatar. Ana zuwa ga DNA ne idan sakamako biyu sun saɓa, ko ana zaton talasimiya, ko mara lafiyar yana yawan karɓar jini, ko kuma ma'aurata AS biyu suna son sanin jinotaif ɗin abin da ke ciki. A wannan na ƙarshe, likita yakan ɗebi ɗan yanki na mabiyiya tsakanin mako 10 zuwa 13, ko ruwan mahaifa daga mako 15. Akwai ɗan haɗarin ɓari, don haka sai an zauna da likita tukuna. A Legas, cibiyar Sickle Cell Foundation Nigeria da ke Idi-Araba, daura da asibitin koyarwa na LUTH, tana wannan gwaji tare da ba da shawara ga iyalai.

Abin da ya kamata ka kiyaye

Ka yi gwajin tun kafin magana ta yi nisa, ba sai an kai kuɗin gaisuwa an sa rana ba. Ka je asibitin koyarwa, babban asibitin gwamnati ko lab mai rajista da hukumar MLSCN. Ka tambayi wace hanya suka bi, kuma a rubuta ta a takardar. Ka faɗa musu idan an ƙara maka jini cikin wata uku. Ka tsaya a rubuta sunanka a kwalbar a gabanka. Don maganar aure, ka maimaita a wuri na biyu, idan sakamakon ya saɓa ka nemi HPLC wajen likitan jini.

Jaririn da aka gano da wuri kuma yana da babbar dama. Rigakafi cikakke, maganin kariya daga ƙwayoyin cuta, gidan sauro, yawan shan ruwa da maganin haidiroksiyuriya idan likita ya rubuta, duk suna rage tashin ciwon da mace-macen ƙuruciya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu zuri'a mai albarka.