Tarihin Sauyin Tafinta a Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa aiki da Unix ko Linux ya san akwai wata manhaja tsakaninsa da na'ura, wadda Turawa ke kira shel. Aikinta aikin tafinta ne: ka ba da umarni, ta isar, ta komo maka da amsa. Wanda ya gaji da maimaita umarni kullum sai ya jera su wuri guda, a layin farko ya ambaci tafintan da zai karanta, galibi /bin/sh.

Wanda Stephen Bourne ya rubuta, aka fitar a 1979, shi ne ya daɗe bisa wannan kujera. A 1989 Brian Fox ya fito da Bash, mai jin yaren Bourne, ga kuma ƙarin nasa na kansa. Da Linux ta yaɗu sai aka ɗora Bash a gurbin /bin/sh. To, a nan aka shuka rigimar. Mutane suka yi ta rubuta sh a sama, alhali kuwa da karin harshen Bash suke magana a ƙasa, kamar dai ɗalibin da ya ce daidaitacciyar Hausa yake rubutawa, Sakkwatanci na ta kutso masa, malamin da ke dubawa kuma Basakkwace ne.

A watan Oktoba 2006 asiri ya tonu. Ubuntu 6.10 ta sauke Bash daga gurbin, ta naɗa Dash, jikan wanda Kenneth Almquist ya rubuta, don ya fi sauri, na'ura ta riƙa tashi da wuri. Shi Dash bai san komai ba sai abin da ƙa'idar POSIX ta tanada da 'yan ƙari kaɗan. Wanda ya rubuta source maimakon ɗigo, ko == maimakon =, sai ya ga aikin shekaru ya cije.

Masu ƙorafi suka ce abin da ke tafiya jiya bai kamata a karya shi yau ba. Ubuntu ta ce kuskuren na marubuta ne, mai son Bash ya ambace shi da sunansa. A ganina ta fi su hujja, amma ta yi garaje. Debian sai da ta bi rubuce-rubucenta da wata manhaja, checkbashisms, tana tsince karin harshen, ba ta yi nata sauyin ba sai a 2011. Ko a lokacin ma ba a kori Bash ba, shi aka bar wa mutum idan ya zauna buga umarni da hannunsa.