Masallacin Azhar da Unguwar da Ta Girma a Gindinsa

Sa'ad da Jauhar, sarkin yaƙin halifan Faɗimiyya Al-Mu'izzu, ya ci ƙasar Masar a shekarar 969 Miladiyya, bai sauka cikin Fusɗaɗ inda talakawa da 'yan kasuwa suke ba, sai ya zarce arewa da ita kaɗan, ya zana sabon birni domin halifa da fadawansa da rundunarsa, ya kewaye shi da ganuwa, shi ne aka kira Alƙahira. Da yake birni ba ya cika birni sai da masallacin Juma'a, a shekarar 970 aka aza harsashin Azhar, aka kammala shi aka yi sallar Juma'a ta farko a cikinsa a watan Ramalan na Hijira 361, wato 972.

Ba domin Ahlus Sunna aka gina shi ba, wannan kuwa abu ne da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin Faɗimiyya 'yan Shi'a ne Isma'iliyya, fiƙihunsu aka fara karantarwa a wurin. A shekarar 988 waziri Ya'aƙubu ɗan Killis ya nemi izinin halifa Al-Azizu aka keɓe jama'ar fuƙaha'u, aka yanka musu albashi, aka gina musu gida kusa da masallacin. Daga nan ne ɗakin ibada ya soma zama gidan karatu mai tsari. Amma da Salahuddini Al-Ayyubi ya kawar da daular Faɗimiyya a 1171, sai aka ɗauke huɗubar Juma'a daga Azhar aka mai da ita masallacin Al-Hakimu, wuri ya yi shiru kusan shekara ɗari, har Sarki Baibars na Mamaliku ya mayar masa da Juma'arsa. Lokacin kuwa Tattar sun riga sun rushe Bagadaza a 1258, garuruwan Andalus suna ta faɗawa hannun Nasara ɗaya bayan ɗaya, malamai na gabas da na yamma suka rasa mafaka sai Masar.

Sarakunan Mamaliku da amirai suka yi ta gasar ƙara masa gini, wannan ya jingina makaranta a jikinsa, wancan ya tayar da hasumiya, kamar ta Ƙaitabai da ta Al-Ghuri mai kai biyu, waɗanda har yau ake hangensu daga nesa. Unguwa kuma ta cika ta batse: inda fadojin halifofi suke dā, aka mai da shi makarantu da asibiti da shaguna, a kan maƙabartar Faɗimiyya kuma amir Jarkas Al-Halili ya gina masaukin fatake wanda ya zama kasuwar Han Al-Halili, ga masallacin Sayyidina Husaini daura da ita, ga masu sayar da littattafai da masu kwafe su da hannu a lungunan bayan Azhar.

Ni dai a ganina, abin da ya raya Azhar shi ne waƙafi da gurasa, fiye da duwatsun sarakuna. A wancan zamani kowane shehi yana da ginshiƙin da yake jingina da shi, almajirai su yi masa halƙa, a karanta matani, a bi shi da sharhi, a bi sharhin da hashiya, wanda ya ƙware kuma malaminsa ya rubuta masa ijaza. Baƙon da ya zo daga nesa ba ya biyan kuɗin karatu, kuma ba ya kwana da yunwa, domin an raba ɗalibai a ɓangarori da ake kira ruwaƙi, na Magaribawa da na Shamawa da na Turkawa da na Jawa da na makafi, kowanne da shehinsa da ɗakin littattafansa da rabon gurasarsa daga dukiyar da bayin Allah suka tsayar. Mutanen Barno ma suna da nasu ruwaƙin. Daga Katsina kuwa Shehu Muhammadu Al-Kashnawi, masanin hisabi da falaki, ya zauna a Alƙahira bayan aikin hajji, ya rasu a 1741 a gidan Shehu Hasan Al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Wanda aka fara sani da laƙabin Shehun Azhar ma, Muhammadu Al-Harashi, wanda ya rasu a 1690, Bamalike ne, sharhinsa a kan Muhtasar na Halilu kuwa ba baƙo ba ne a zaurukan malamanmu.

Da Faransawa suka shiga Masar tare da Napoleon a 1798, daga wannan unguwa ne jama'a suka yi bore, aka yi musu ruwan igwa, sojoji suka kutsa cikin masallacin da dawakinsu, suka keta alfarmarsa, abin da marubucin tarihin nan, ɗan Shehu Hasan Al-Jabarti, ya rubuta da baƙin ciki mai yawa. Bayan tafiyarsu, malamai na cikin waɗanda suka tsaya aka naɗa Muhammadu Ali mai mulkin Masar a 1805.

Sauran canje-canjen sun zo bi da bi. A 1872 aka kafa jarrabawar shahadar alimiyya, Shehu Muhammadu Abduhu ya yi fama da gyaran tsarin karatu yana shan suka daga tsofaffi, a 1930 aka raba karatun sama zuwa kwalejoji uku, na usuluddini da shari'a da harshen Larabci, sannan dokar 1961 ta shigo da likitanci da injiniyanci da aikin gona, aka kuma buɗe wa mata ƙofa. Yawancin kwalejojin sun ƙaura zuwa sababbin unguwanni, dukiyar waƙafi ta koma hannun hukuma, abin da ya rage wa malamai 'yancin da suke da shi dā, ko da yake har yanzu ana zaman halƙa a tsohon masallacin, cikin masu zaman kuwa akwai 'ya'yan Kano da Sakkwato da Damagaram.