Hutu a jirgin ruwa da tafiye-tafiyen shaƙatawa: Inda kuɗi ke zurarewa da yadda ake tattalinsu

Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira, duk wata tafiya zuwa ƙetare ta ƙara nauyi a aljihun mai karɓar albashi da ɗan kasuwa. Tikitin jirgi da kuɗin otal da na biza duk da dala ko yuro ake lissafa su, alhali da naira ake tara kuɗin. Wannan ya sa kuskure ƙarami wajen shirya hutu kan iya cinye tanadin watanni.

Babban abin da ke jefa matafiya cikin asara shi ne ɗaukar farashin da ke jikin talla a matsayin kuɗin tafiyar gaba ɗaya. Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma babu inda maganar ta fi fitowa fili kamar a harkar jiragen ruwan yawon shaƙatawa, inda ake tallata tikiti da rahusa, sannan a ci riba daga abin da fasinja zai kashe bayan ya shiga.

Yadda hutun jirgin ruwa yake

Jirgin ruwan shaƙatawa otal ne mai tafiya a kan teku. Fasinja yana kwana a ɗaki ɗaya har ƙarshen tafiya, jirgin yana tafiya da dare, da safe kuma ya tsaya a wani gari, a fita a zaga, a dawo kafin yamma. Tafiyar kwana bakwai ita ce aka fi sani, ko da yake akwai ta kwana uku ko huɗu. Manyan kamfanonin da ke wannan harka sun haɗa da Carnival da Royal Caribbean da Norwegian masu hedikwata a jihar Florida ta Amurka, sai MSC da Costa a Turai.

Kowane yanki yana da nasa lokaci. A Bahar Rum, jirage sun fi yawa daga Afrilu zuwa Oktoba, suna tashi daga Barcelona da Genoa da Marseille da Athens. A yankin Karibiyan ana tafiya duk shekara, galibi daga Miami. A Tekun Fasha kuwa, lokacin sanyi ake yi, daga Nuwamba zuwa Maris, tsakanin Dubai da Abu Dhabi da Doha da Maskat. Kamfanin MSC yakan kai jirgi Durban da Cape Town na Afirka ta Kudu a watannin ƙarshen shekara da farkon sabuwa, inda ake zuwa gaɓar Mozambik. Saudiyya ma ta ƙaddamar da nata kamfanin, AROYA Cruises, wanda jirginsa ya fara tashi daga Jidda a watan Disamban 2024, kuma ba a sayar da barasa a cikinsa.

Abin da tikiti ya ƙunsa da wanda bai ƙunsa ba

A ƙa'ida, kuɗin tikiti ya haɗa da ɗaki, da abinci a manyan ɗakunan cin abinci, da ruwan sha da shayi da kofi a wurin ɗibar abinci, da wasannin nishaɗi na dare. Sauran abubuwa kusan duk biya ake yi.

Na farko shi ne tukuicin ma'aikata, wanda ake ɗora wa kowane fasinja a kullum ba tare da an tambaye shi ba. A manyan kamfanonin Amurka yakan kama daga dala 16 zuwa 20 a kan mutum ɗaya. Idan aka ɗauki dala 18 a matsayin misali, iyali mai mutum huɗu a tafiyar kwana bakwai zai biya dala 504 na tukuici kaɗai. Sai harajin tashoshin jiragen ruwa, wanda wasu tallace-tallace ba sa haɗawa da farashin da suka rubuta. Sai lemon kwalba da ruwan roba, da intanet, da wanki, da hotunan da masu ɗaukar hoto na jirgin ke yi, da gidajen abinci na musamman. Likitan jirgi ma ba kyauta yake duba mutum ba.

Kamfanoni kan tallata ƙunshin abin sha na duk tafiya, amma tsadar mafi yawansu daga barasa take. Wanda ba ya sha ba shi da dalilin saye; akwai ƙaramin ƙunshi na lemo kaɗai, kuma shi ma sai an lissafa ko za a sha abin da ya kai kuɗinsa. Haka wayar salula: idan jirgi ya yi nisa da gaɓa, waya kan kama layin tauraron ɗan'adam mai tsananin tsada, don haka kashe layin a lokacin tafiya shi ne mafita, a jira a sauka gari a nemi intanet.

Fita yawo a garuruwan da jirgi ke tsayawa wata ƙofar kashe kuɗi ce. Yawon da kamfanin jirgi ya shirya ya fi tsada, amma jirgi yana jiran motocinsa idan sun makara. Wanda ya fita da kansa a bas ko tasi zai rage kashe kuɗi sosai, sai dai idan ya wuce lokacin da aka sanar, jirgi zai tafi ya bar shi, kuma shi zai biya kuɗin bin sa zuwa tasha ta gaba. Saboda haka fita da kai ta fi dacewa a garuruwan da tashar jirgi ke kusa da cikin gari.

Lokacin saye da lokacin tafiya

Farashi yana bin yawan masu nema. A Turai, watannin Yuli da Agusta su ne mafi tsada domin hutun makarantu, yayin da Afrilu da Mayu da ƙarshen Satumba zuwa Oktoba suka fi sauƙi, ga kuma ƙarancin zafi da cunkoso. A Karibiyan farashi kan sauka a Satumba da Oktoba, amma da dalili: lokacin guguwar Tekun Atlantika ne, wanda ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma kamfani yana da ikon sauya hanya ko soke tsayawa a wani gari. Makonnin Kirsimeti da sabuwar shekara suna da tsada a ko'ina.

Daga Janairu zuwa Maris ne kamfanonin suka saba fitar da garaɓasar shekara, kamar rage kuɗin kafin alƙalami ko sauƙaƙa wa yara. Akwai kuma tafiyar sauya mazauni, wato lokacin da jirgi ke ƙaura daga Karibiyan zuwa Turai wajen Afrilu, ya koma wajen Oktoba ko Nuwamba. Kuɗin kwana ɗaya a irin wannan tafiya yana da rahusa, sai dai takan ɗauki kusan mako biyu, yawancinsu a tsakiyar teku, kuma a wata nahiya ake sauka, abin da ke tsadada tikitin jirgin sama.

Ana yawan ba da shawarar jiran rangwamen kwanakin ƙarshe. Wannan yana amfanar mutumin da ke zaune kusa da tashar jirgin, wanda ba ya buƙatar biza. Ga mai fasfon Najeriya, abin da ya samu a tikitin jirgin ruwa zai mayar da shi ninki a tikitin jirgin sama, idan ma ya samu biza a kan lokaci.

Zaɓen ɗaki

Ɗakunan jirgi iri huɗu ne: na ciki wanda ba shi da taga, da mai taga, da mai baranda, da babban ɗaki na alfarma. Na ciki shi ne mafi araha, kuma abinci da nishaɗin da mai shi zai samu ɗaya ne da na mai baranda. Farashin da ake tallatawa na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu za su zauna a ɗakin. Mai tafiya shi kaɗai yakan biya kusan kuɗin mutum biyu. Mutum na uku da na huɗu a ɗaki ɗaya kuwa sukan samu ragi, wanda ke taimaka wa iyali mai ƙananan yara. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata shida ba, ko mai juna biyu da cikinta ya kai mako 24, kuma jahiltar wannan ba ta sa a mayar da kuɗi.

Biza kafin komai

Nan ne asara mafi girma take. Nauyin samun bizar duk ƙasashen da jirgi zai tsaya yana kan fasinja, ko da ba ya niyyar sauka, kuma wanda takardunsa ba su cika ba ana hana shi shiga ba tare da mayar masa da ko sisi ba. Tafiya a Bahar Rum tana buƙatar bizar Shengen. Idan jirgin zai fita zuwa Turkiyya ko Tunisiya ya dawo, sai biza mai damar shiga fiye da sau ɗaya, ban da sharuɗɗan waɗannan ƙasashen.

Tun daga Yunin 2024 kuɗin bizar Shengen yuro 90 ne ga babba, yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, ban da ladan cibiyar karɓar takardu, kuma ba a mayarwa idan an ƙi bayarwa. Dole ne a haɗa da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Kamfanonin jiragen ruwa kan buƙaci cikon kuɗi wata biyu zuwa huɗu kafin tashi, kuma daga nan tarar fasa tafiya ke hauhawa. Hikimar ita ce a biya kafin alƙalamin da ake iya karɓa, a nemi biza da wuri, a san matsayi kafin ranar cikawa. Fasfo ma ya kamata ya rage aƙalla wata shida bayan ranar dawowa.

Jirgin sama da masauki

Ga wanda zai tashi daga Kano ko Abuja ko Legas, tikitin jirgin sama kan fi na jirgin ruwan tsada. Tafiya mai yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha ko Istanbul takan fi ta kai tsaye sauƙi, kuma sauya ranar tashi da kwana ɗaya ko biyu kan sauya farashi. Ya kamata a kwatanta tikiti tare da nauyin kayan da aka yarda da shi. Ƙananan kamfanonin Turai masu araha, irin su Ryanair da easyJet, suna karɓar kuɗi daban a kan akwati, har kuɗin kaya ya iya fin na kujera.

Mai shiga jirgin ruwa ya isa garin tashi kwana ɗaya kafin rana. Kuɗin otal na dare ɗaya bai kai asarar tafiya sukutum ba idan jirgin sama ya yi jinkiri. A tafiyar da ba ta ruwa ba, iyali mai yawa kan samu sauƙi a gidan haya mai kicin fiye da ɗakuna biyu a otal, domin cin abinci a waje sau uku a rana na daga cikin abin da ke cinye guzuri. Masu son haɗa hutu da Umara su tuna cewa masauki a Makka da Madina ya fi tsada a goman ƙarshe na Ramadan.

Canjin kuɗi

Bankuna suna sayar da kuɗin guzurin tafiya, wanda aka sani da PTA, har dala 4,000 a kowane wata uku, kuma a 2024 Babban Banki ya umarci a riƙa biyan sa ta kati maimakon tsaba. Idan na'urar biya a ƙetare ta ba da zaɓi, biya da kuɗin ƙasar da ake ciki ya fi sauƙi, domin canjin da na'urar ke yi yana da ƙari. Wuraren canji na filin jirgi su ma farashinsu ba ya daɗi. Duk wanda ke ɗauke da tsabar da ta haura dala 10,000 wajibi ne ya bayyana wa jami'an kwastam.

Hutu kusa da gida

Hanya mafi sauƙi ta rage kuɗi ita ce zaɓen inda ba a neman biza. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar zama kwana 90 ba tare da biza ba a ƙasashe irin su Ghana da Senegal da Gambiya da Benin da Cape Verde, muddin yana da fasfo da katin rigakafin cutar shawara. A cikin gida akwai gandun dajin Yankari a Bauchi da ruwan ɗumi na Wikki, da tsaunukan Obudu a Kuros Riba, da Mambila a Taraba, inda da naira ake biyan komai. Farashin tikitin cikin gida da na otal kan yi tsalle a Disamba da lokutan Sallah, don haka ma'aikacin da zai iya ɗaukar hutunsa a wani watan ya riga ya yi ragi. Binciken halin tsaron hanya kafin tashi na cikin shiri.

Dillalai

Dillali nagari yana iya samo farashin rukuni da kuma gane sharuɗɗan biza. Amma ya kamata a tabbatar yana da ofis da rajista, ko yana cikin ƙungiyar NANTA ko yana da shaidar IATA, idan kuma Umara ce, yana da lasisin hukumar NAHCON. A karɓi lambar rajistar tafiya, a duba ta a shafin kamfanin jirgin kafin a cika kuɗi. Wanda ya yi alƙawarin biza tabbas, ko ya ce a tura kuɗi asusun wani mutum, abin gudu ne.

Kafin a biya ko kwabo, a rubuta komai a takarda ɗaya: tikitin jirgin ruwa da harajinsa, tukuici, biza, inshora, jirgin sama, otal, mota, abinci, tsaraba, da wani abu da aka ware domin ba-zata. Jimillar da ta fito ita ce farashin tafiyar, kuma da ita ake kwatanta wani tayin da wani. Idan ta fi ƙarfin aljihu, a rage kwanaki ko a sauya wuri. Cin bashi ko taɓa jari domin hutu yana mayar da kwana bakwai na shaƙatawa ya zama shekara guda ta biyan bashi.